Sunan da Ke Kan Takardun Yaya

Sunan da ke kan takardun Yaya ba na Baba ba ne, na Kawu ne. Kowa a danginmu ya san haka, kuma an ɗauki shekara da shekaru babu wanda abin ya dama.

Ga yadda aka yi. Yaya ce 'yar fari a ɗakinmu. Innarmu 'yar cikin garin Lafiya ce, daga tsofaffin gidajen nan masu asalin Barebari, aka kai ta aure ƙauyen Ashige wurin manomin doya. Da aka yaye Yaya sai aka bi al'ada, domin 'yar fari ba ta tashi a gaban iyayenta. Aka miƙa ta ga yayan Inna, wato Kawu, wanda yake sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba. Ranar da ya kai ta firamare, hedimasta ya tambayi sunan uba, Kawu ya faɗi nasa. Ba sata ya yi ba. Haka kowa yake yi a lokacin, wanda ya riƙo hannun yaro zuwa makaranta shi ake rubutawa. Sunan ya manne mata tun daga ranar, ya bi ta sakandare, ya bi ta jami'a, har ya hau jirgin sama da ita zuwa ƙasar waje.

Baba kuwa kunyar 'yar fari ta yi masa katutu. Ko sunanta ba ya faɗi, "ta wajen kawunku" yake ce mata. In ta zo hutu Ashige za ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon kaji. In yana son ya san ko ta ci abinci, ni zai tambaya, alhali ga ta nan zaune tana jin sa. Inna ta rasu ina 'yar budurwa, saboda haka duk maganar da za ta wuce tsakanin su biyun ta bakina take bi. An zaɓi baki kam, don ni tun ina ƙarama ba a san ni da haɗiye magana ba.

Shekarar da aka ba mu jiha, Lafiya ta cika da baƙin ma'aikata masu neman ɗakin haya, ni ma aka dawo da ni gida koyarwa a wata sakandare. Na kama ɗaki a unguwar Azuba da ke bakin gari, lokacin bishiyoyin kashu sun fi gidaje yawa a wurin. Yaya tana can tana ƙarasa digirinta na uku a kan ciwon daji. Ba likitar asibiti ba ce, ba ta duba maras lafiya. Ƙwayoyin cutar take bincike, musamman sankarar mama da take kama mata tun da ƙuruciyarsu. Na taɓa kai mata ziyara ɗakin gwaje-gwajensu bayan ta dawo ta kama aiki a wata jami'a mai nisa da mu. Na tarar tana kiwon ƙwayoyin a cikin 'yan faifan gilas, tana ɗiga musu wani jan ruwa, tana leƙa su ta madubi mai ƙara girman abu. Idan aka ɗauke wuta sai ta tashi a guje wajen janareta, kamar mai jego ta ji kukan jariri. Na ce mata, "Yaya, mutane na neman yadda za su kashe abin nan, ke kina ba shi abinci." Ta ce sai ka san abin da maƙiyinka yake ci kafin ka san inda za ka sa masa guba.

Ita ta fahimtar da ni yadda ake auna malami a wurinsu. Ba a duba tsufanka ko yawan ɗalibanka. Abu biyu ake dubawa: takardun bincike da ka fitar a mujallun masana, da kuma yawan waɗanda suka ambace ka a nasu takardun. In wani a wata ƙasa zai yi rubutu a kan irin abin da ta riga ta gani, dole ya ce wance ta ga kaza, ya sa sunanta. To amma ba sunanta na yanka ake sawa ba. Shi wannan harafi ɗaya ake bar masa, a ɗiga masa aya. Sunan uba ake rubutawa cikakke. Lokacin da ta faɗa mini haka dariya na yi, na ce ashe Kawu ne yake yawon duniya ba tare da fasfo ba.

Duk takardar da ta fito, Yaya takan aiko wa Kawu kwafi ta gidan waya. Shi kuma ya riga ya yi ritaya, jirgin ma ya daina zuwa sai jefi-jefi, don haka ya sami aikin yi. Yakan kai shafin farko wurin mai hoto a sa masa a firam, ya rataye a falo. Ba ya gane ko layi ɗaya na abin da ke ciki, duk da Turancinsa na mutanen da, amma ya san inda sunansa yake. Da shagunan intanet suka buɗe a gari, Yaya ta koya mini yadda ake rubuta sunan a kwamfuta a ga waɗanda suka ambace ta. Nakan biya bayan an tashi makaranta, in zauna cikin zafi da ƙarar janareta ina jiran shafi ya buɗe. In ya buɗe kuwa, sai ka ga sunaye sun jeru, wasu ma bakina ba ya iya furta su. Kawu ya ce in riƙa buga masa a takarda. Da ita yake zuwa majalisarsu ta ƙofar masallaci, a ninke cikin aljihun gaba.

Ban ga laifin kowa ba sai ranar liyafa. An ƙara wa Yaya girma a wurin aiki, tsofaffin 'yan makarantarsu suka ce sai sun karrama ta a gida. Aka kafa kanofi a filin wata firamare, aka jera kujerun roba, aka ɗauko wani ɗan ajinsu mai baki kamar rediyo ya riƙe makirfo. Baba ya iso a makare saboda motar Ashige ta lalace a hanya. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ga doya ɗaure a bayan okadan da ya ƙaraso da shi. 'Yan matan da ke zaunar da baƙi ba su san shi ba, suka nuna masa kujera can baya kusa da masu kula da lemo. Na je in taso shi, ya ƙi.

"Bar ni," in ji shi. "Nan ma inuwa ne."

Can mai makirfo ya karɓi takardar nan daga hannun Kawu, ya ɗaga ta sama. "Jama'a, ku ji wannan! Sunan nan da kuke ji, a Turai ana kiran shi, a Indiya ana kiran shi, har inda ba a jin Turanci ana kiran shi. Manyan furofesoshi ba sa iya rubutu sai sun ambace shi. Ina baban Dokta? Baba, tashi mutane su gan ka!"

Ina tsaye daidai bayan Baba. Na ga ya dafa gwiwarsa, ya ɗan ɗago daga kujera. A can gaba Kawu ya miƙe tsaye, wuri ya ɗauki tafi. Baba ya koma ya zauna, ya cire hularsa ya duba cikinta kamar wani abu ya faɗa, ya mayar. Shi ma ya tafa. Na hango Yaya a babban teburi ta sunkuyar da kai. Ni kuwa da ba don idon jama'a ba da na fizge makirfon nan. Kafin a raba abinci Baba ya ce zai kama hanya kada mota ta ƙare, doyar kuma a kai gidan Kawu.

Bai ce komai ba a kan wannan rana sai da aka yi wajen wata guda. Na je Ashige na same shi a gona yana duba tsibin doya. Muka zauna gindin mangwaro, ya daɗe yana kankare ƙasa daga fartanya da tsinke.

"Mutanen nan masu kiran," ya ce, "sun san ta?"

Na ce ba su san ta ba, sunan kawai suke gani.

"Ko hoton ta babu?"

"Babu, Baba."

"To in ta mutu, ni na mutu, kawunku ya mutu, takardan yana nan?"

Na ce yana nan, ba ya ruɓewa.

Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kawunku ya yi ƙoƙari, Allah ya biya shi. Ni ban kai ta makaranta ba. Amma ki tambaye ta, in babu wahala, ko sau ɗaya. Ko a ƙaramin takarda ne."

A iya sanina Baba bai taɓa roƙon Yaya komai ba, ko sabulu. Na dawo Lafiya raina a jagule, na kira ta a waya tun kafin in cire mayafi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta fara yi mini bayani da muryar nan tata ta aji. Wai abin ba kamar sauya riga ba ne. Jami'a ba za ta lissafa mata takardar da ba ta ɗauke da sunan da ke cikin fayil ɗinta ba, don haka in za ta sauya sai ta sauya gaba ɗaya, da rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida. In ta yi haka kuma, kwamfuta ba ta san riƙo ba, ba ta san 'yar fari ba. Za ta ɗauka mutum biyu ne, wata tsohuwar hannu da ta daina rubutu, da wata sabuwa da babu wanda ya taɓa jin ta. Ga shi kuma saura ƙiris a aika takardunta wurin masu tantance farfesa.

Na ce, "Wato kujerar farfesa ta fi uban da ya haife ki."

"Kada ki faɗa mini haka," ta ce. "Kin san ba haka ba ne."

"Ni ban san komai ba. Ni dai na ga tsoho ya ɗaga daga kujera ya koma."

Ta kashe wayar. Muka yi makonni ba mu gaisa ba. A raina ina ta cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, amma ko a lokacin na san karin maganar bai zauna daidai ba, domin Kawu ma ya sha nasa bugun.

Da hutun ƙarshen shekara ta zo da dabara. Ta ce za ta haɗa sunayen biyu, na Baba da na Kawu, ko da kwamfutar za ta ɗan rikice. Muka je gidan Kawu tare. Ta zauna a ƙasa kan darduma, ƙarƙashin firam-firam ɗin nan, ta yi masa bayani a hankali. Kawu mutum ne mai tsabta da tsari, ko zama zai yi sai ya gyara karin wandonsa. Ya saurare ta yana juya carbi.

"Mahaifinki ne ya aiko?" ya tambaya.

Ni na amsa, na ce eh.

"Yana da gaskiya. Jininsa ce." Ya ajiye carbin. "Amma bari in gaya muku. Shi yana da gona, yana da ku, yana da maza uku masu amsa sunansa a Ashige, 'ya'yansu ma da shi za su amsa. Ni me nake da shi? Tashar da na yi wa aiki ciyawa ta cinye ta. Lokacin da ƙyanda ta kama yarinyar nan, matata ce ta goya ta har bayanta ya saɓule. In na mutu yau, abin da na bari a duniya shi ne layin nan ɗaya." Ya nuna bango. "Ba zan hana ki ba. Amma ba za a raɓa ni a jikin sunan wani ba kamar ɗan haya. Ko ki bar shi yadda yake, ko ki cire nawa ɗungurungum."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta danne mini ƙafa. Da muka fito ta tsaya a zaure ta jingina da bango, ta ce, "Kin gani ko? Gaba kura, baya sayaki."

Abin da ya yanke maganar idon Baba ne. Yanar ido ta fara rufe masa gani, aka yi aiki a ɗaya bai yi kyau ba, ɗayan kuma yana ta raguwa. Yaya ta zo ta kai shi asibiti da kanta, suka yi tafiyar nan gaba ɗaya a mota ɗaya ba su haɗa ido ba, ni ce a tsakiya ina isar da "a tambaye shi ko yana jin zafi" da "a ce mata da sauƙi". A lokacin tana dab da kammala wani aiki da ta shafe shekaru a kansa, wanda ta ce duk abin da ta yi a baya share fage ne. Da muka dawo ta ce mini, "Kawu bangonsa ya cika. Wannan na Baba ne, tun yana iya gani."

Ta je kotu ta yi rantsuwa, aka buga sanarwa a jarida. Kafin sanarwar ta fito ta je ta durƙusa gaban Kawu ta faɗa masa da bakinta. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya ba da sa'a, Dokta." Tunda aka kawo ta gidan a goye bai taɓa kiran ta Dokta ba sai ranar. Da na koma gaishe shi bayan sati, na tarar an sauke firam-firam ɗin duka. Fentin wurin da suka rufe ya fi na sauran bangon haske, ga ƙusoshi a tsaye. Ya karɓi gaisuwata da mutunci, ya tambayi makaranta, bai tambayi Yaya ba. Ya daina ɗaga wayarta. In ta aiko da saƙo, matarsa ce take karɓa ta yi godiya.

Takardar ta daɗe ba ta fito ba. Masu mujalla suka dawo da ita a gyara, ta gyara, suka sake dawowa da ita. Ni kuma ina ta kallon idon Baba yana ƙara fari, ina zagin mutanen da ban sani ba a wata ƙasa. Ranar da kwafin ya iso hannuna ban jira Asabar ba, na nemi izini a makaranta na hau motar Ashige.

Na same shi a ƙofar gida kan buzu. Na miƙa masa, na ce ga saƙo daga ta wajen Kawu, wato Yaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya matso da ita dab da idonsa mai gani, ya juya ta wajen rana. Baba bai yi boko ba. Na kama yatsarsa na ɗora a kan wurin.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Karanta."

Na karanta masa sunansa. A al'ada ba na faɗin sunan Baba, ranar ce ta farko da ya fita daga bakina a gabansa. Ya ce in sake, na sake. Ya bi haruffan da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ce, "Ashe gajere ne." Sai ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun Inna na da rai. Ya sa aka kama zakara. Ya aika a kira maƙwabcinsa, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon da suke musayar irin doya tun suna samari, ya nuna masa wurin da yatsa kamar shi ya rubuta. A ranar na ce a raina ko me aka rasa, an ci riba.

Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, abin da ba ya yi. Ya ce, "To yanzu sai su fara kira ko?"

Na ce sai su fara.

Daga nan tambayar ta zama gaisuwarmu. Ina sauka daga mota, in durƙusa, ya tambayi hanya, ya tambayi yara, sannan ya ce, "An kira?" Ni kuma kafin kowace tafiya sai na biya shagon intanet. In rubuta tsohon sunan, shafi ya cika ya tumbatsa, har sababbi sun ƙaru. In rubuta sabon, takarda ɗaya tilo ta fito, ƙarƙashinta fayau. Nakan sake rubutawa ko na yi kuskure. Nakan ce wa mai shagon kwamfutarsa ce ba ta da kyau, ya ce, "Madam, ba laifin sistam ba ne, abin da yake ciki shi zai nuna."

Na tambayi Yaya, ta ce haka abin yake, ambato ba ya zuwa da wuri, sai wani ya karanta, ya yi nasa aikin, ya rubuta, an buga. Na faɗa wa Baba haka, ya ce ai doya ma ba ranar shuka ake haƙa ta ba. Damina ta wuce, aka haƙe doya, aka sake yin tsibi. Ina zuwa, yana tambaya, ina cewa tukuna. Tun yana tambaya da murmushi har ya koma yi a hankali, bayan kowa ya tashi. Na tsani hanyar Ashige a wannan shekarar.

Abin da Yaya ba ta faɗa mini da wuri ba shi ne, abin da ta ji tsoro ya faru. Waɗanda suka saba bibiyar aikinta da tsohon suna suke nema, ba su ga sabon abu ba, suka ɗauka ta yi shiru. Wani taron masana da ake gayyatar ta duk shekara, takardar gayyata ba ta zo ba. Masu tantance farfesa kuma, ɗaya daga cikinsu ya dawo da fayil ɗin yana tambayar yadda aka yi takardun mutum biyu suka shiga jaka ɗaya. Jami'a ta ce a bi a gyara, a sake aikawa, a jira wani zagayen. Waɗanda ta koyar suka fara wuce ta. Da ta faɗa mini, muryarta ba ta canza ba, amma na san Yaya. Na kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Ga Kawu ya rufe ƙofa, ga kujera ta kuɓuce, ga sunan Baba a kwance babu mai ɗagawa. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Na yi niyyar kada Baba ya ji, amma a Lafiya magana ba ta kwana. Wani ɗan unguwar su Kawu da ke sayen doya a Ashige ya kai masa, har da ƙari. Da na je na same shi a cikin ɗaki, ba a ƙofar gida ba. Idon ya kusa tafiya gaba ɗaya, da murya ya gane ni. Na gaishe shi ya amsa. Na jira tambayar da aka saba, bai yi ba.

"An ce an hana ta babban kujeran," ya ce.

Na ce ba hanawa aka yi ba, an ɗaga ne.

"Saboda sunan?"

Na so in kewaya, amma Baba ba yaro ba ne. Na ce har da shi.

"Na kawunku kuma har yanzu ana kira?"

"Ana kira."

"Nawa fa?"

"Tukuna, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza gwiwarsa da tafin hannu. A waje ana ta daka, wata akuya tana kuka.

"Akwai irin doyan da ƙasa ba ya karɓa," ya ce. "Ba laifin doyan ba ne, ba laifin ƙasan ba ne. Mai hankali ba ya dagewa. Sunana na gona ne, bai san hanyan can ba. Matan nan masu ciwo da take yi wa aiki, su ba ruwansu da sunan kowa. Ki gaya mata ta mayar da na kawunku."

Na ce, "Baba, ba a yin haka. An yi rantsuwa a kotu."

"Ta sake rantsewa. Ni na gani da idona tun yana gani, na taɓa da hannuna. Ya ishe ni. Kada aikinta ya mutu a kaina." Ya juyar da fuska wajen bango. "Ki ce ni na ce. Kuma ta je ta ba kawunku haƙuri."

Ban iya cin abincin da aka kawo mini ba. A mota na yi ta kuka a ɓoye cikin mayafi, wata mata mai kwandon tumatir tana ta ce mini sannu, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Haushi nake ji, amma na rasa wanda zan ji haushinsa. Hedimastan da ya yi tambaya ya daɗe a ƙasa, Kawu bai yi ƙarya ba, Baba bai roƙi abin da ba nasa ba.

Da na isa Azuba rana ba ta faɗi ba. Na sayi kati a bakin hanya, na zauna a dakalin ƙofar gida na kira Yaya. Ina jin ƙarar janareta a bayanta, tana wurin aiki. Na faɗa mata saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba, har da maganar doya da ta Kawu. Da na gama, sai na duba wayar ko ta yanke.

"Yaya, kina ji na?"

"Kawu zan je," ta ce. "Ko zai kore ni zan je, in ya kore ni in koma."

"Sunan fa? Me zan ce wa Baba?"

Na ji ta ja numfashi.

"Ki ce masa sabis ba shi da kyau. Ban ji wannan ba."

"Yaya, kin ji mana. Ga shi kin ji na Kawu."

"Na ce miki ban ji ba," in ji ta. "Ina da wata takardar da zan aika wata mai zuwa, kuma na riga na rubuta sunan da ke kanta. Na Baba ne."